Orijina da kwafi: lambobi ɗaya, me ya sa kunne ke jin bambanci?

Duk wanda ya taɓa sayen faifan CD a kasuwar Alaba, ko wajen masu shimfiɗa kaya a bakin titi a Agege da Obalende, ya san tambayar da mai kaya yake fara yi masa: orijina kake so ko kwafi? Farashin ba ɗaya ba ne, kuma in ka nemi dalili za a ce maka orijina ya fi murya, kalangu yana fita da kauri, muryar mawaƙi ko ta malami tana fita tas, shi kuwa kwafi sautinsa siriri ne mai gajiyar da kunne. Samarin da suka goge da kwamfuta, irin masu kai da komo a Computer Village ta Ikeja, dariya suke yi wa wannan magana. A wajensu abin da ke cikin CD lambobi ne zalla, in ka kwafe lamba daidai ka kwafe komai, bakwai ba ta komawa shida da rabi don an rubuta ta a faifai mai araha. Gardamar ba a Legas ta fara ba. Injiniyoyin sauti a Ingila da Amurka da Japan sun daɗe suna tafka ta, har da waɗanda aikinsu ke nan shirya faifai kafin a kai masana'anta, suna rantsuwa cewa faifan da ya dawo daga masana'anta bai yi daɗin wanda suka aika ba, alhali an gwada lambobin sun zo daidai.

Mu nan akwai abin da muka gada daga zamanin kaset. Kaset kam duk kwafin da aka yi sai ya rage wani abu: kwafin kwafi yakan zo da shuuu a bayansa, murya ta dusashe, kafin a kai hannu na huɗu wa'azin ya koma kamar daga cikin rijiya ake yin sa. Wanda ya tashi da wannan ba zai yarda cikin sauƙi cewa akwai kwafin da ba ya rage komai ba. Amma CD an gina shi ne musamman don ya karya wannan doka, kuma a mafi yawan lokaci yana karya ta.

Ƙa'idar faifan kamfanonin Philips da Sony ne suka fitar da ita a 1980, aka fara sayar da na'urorin a Japan a watan Oktoba na 1982. Ana auna hawa da saukar igiyar sauti sau 44,100 a kowane sakan, a kowane ɓangare na hagu da dama, kuma kowane awo lamba ce mai bit 16 (bit shi ne 0 ko 1 guda ɗaya), wato ɗaya daga cikin matakai 65,536. In ka tara, bit 1,411,200 ke nan a sakan guda. Waɗannan lambobi suna kwance a kan layi guda ɗaya da ya fara daga tsakiyar faifai yana kewayawa har bakinsa, tsawonsa ya haura kilomita 5, tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye maikuromita 1.6 kacal (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A kan layin akwai ƙananan ramuka da filaye a tsakaninsu. Hasken leza yana haska layin, na'ura tana lura da inda hasken da ya dawo ya canza. Mutane da yawa suna zaton rami shi ne 1, fili shi ne 0. Ba haka ba ne. Bakin rami, shigarsa ko fitarsa, shi ne 1, duk abin da ke tsakani sifili ne. Saboda haka abin da na'ura take aunawa a zahiri tsawo ne, kuma tsayin da aka yarda da shi iri 9 ne kawai, daga ninki 3 zuwa ninki 11 na wani ɗan lokaci mai kimanin nanosakan 231 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). In bakin rami ya ɗan goce, na'ura za ta mai da shi ga tsawon da ya fi kusa, lambar ta fito daidai. Wannan sassauci shi ne duk sirrin abin.

To kafin a shiga wani dogon bayani, tambayar farko ita ce ko lambobin da gaske ɗaya ne. A Legas amsar sau da yawa a'a ce, kuma a nan rabin gardamar yake mutuwa. Yaron da ke shagon tura waƙa ba daga faifan asali yake kwafa ba a mafi yawan lokuta. Abin da ke cikin kwamfutarsa MP3 ne, wani an turo shi ta WhatsApp, wani an ciro shi daga bidiyo, sai ya mai da su tsarin CD ya ƙona. MP3 mai kilobit 128 a sakan ya zubar da kusan kashi 10 cikin 11 na bayanan, kuma galibi an datse masa duk sauti mai kaifin da kaɗawarsa ta haura wajen sau 16,000 a sakan. Mai da shi CD ba ya dawo da abin da aka zubar. Sunan waƙa ɗaya, tsawonta ɗaya, hoton bango ɗaya, lambobin kuwa sun yi hannun riga. Haka ma faifai biyu da duka aka buga a masana'anta suna iya fitowa daga gyaran sitidiyo daban-daban, ɗaya an matse shi an ɗaga ƙararsa, ɗaya an bar shi yadda yake. Wanda ya ji bambanci a nan kunnensa lafiya lau, gaskiya ya ji. Sai dai ba wannan ce tambayar mai wuya ba.

Mai wuyar ita ce in an tabbatar lambobin da aka rubuta ɗaya ne. A nan sai a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: abin da aka rubuta a faifai, da abin da na'urarka ta iya karantowa.

Babu faifan da ake karantawa ba tare da kuskure ba, ko da yanzu aka ɓare shi daga leda. Masu ƙirƙirar CD sun san da haka, har ƙa'idar ta yarda a sami gungun bayanai masu kuskure har 220 a sakan, daga cikin 7,350 da ake karantawa, kuma faifan ya ci jarabawa. Abin da ya sa ba ka ji shi ne tsarin gyara da ake kira CIRC, wanda aka gina a kan lissafin da Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa a 1960. A kowane bayit 24 na sauti (bayit ɗaya bit 8 ne) ana ƙara bayit 8 na shaida, waɗanda aka lissafo daga sauran ta yadda in wasu suka ɓata za a iya gano inda suka ɓata kuma a dawo da su. Gyaran hawa biyu ne, na farko yana kama ƙananan kurakurai, abin da ya gagare shi ya yi masa alama ya miƙa wa na biyu. Dabarar da ta fi burge ni ita ce warwatsawa. Ba a jera lambobin sauti a kan layin yadda suka zo, ana raba maƙwabta a watsa su a cikin gungu sama da 100. Don haka ƙarzuwar da ta cinye wuri guda ba ta cinye yanki guda na waƙa ba, ta ɗan ɓantari kaɗan-kaɗan ne daga wurare masu yawa, kowanne bai fi ƙarfin gyara ba. Da wannan na'ura tana iya dawo da ɓarnar da ta kai kimanin milimita 2.5 a tsawon layi. Kuma a kula, wannan gyara ba kintace ba ne. Lambar da ta fito ita ce ainihin wadda aka rubuta. Faifai mai kuskure 5 a sakan da mai kuskure 200, in duk an gyara su, abin da zai isa ga sifika ɗaya ne babu ragi.

Gizo yana saƙarsa ne a inda ɓarnar ta wuce nan. CD na waƙa ba ya tsayawa ya sake karatu, domin waƙa ba ta jira. In lamba ta gagara, na'ura takan dubi wadda ke gabanta da wadda ke bayanta ta cike gurbin da tsaka-tsaki. Wannan kam kintace ne. In sau ɗaya ya faru a cikin awo 44,100, babu kunnen da zai kama shi. In yana faruwa a jere, sautuka masu kaifi su ne suke fara shan wahala, domin su ne suke canzawa da sauri tsakanin awo da awo, sai ka ji ƙarar ƙarfe ko harafin sin a bakin mai karatu ya ɗan yi ƙaiƙayi ko ya dushe. In abin ya ƙara ta'azzara sai na'ura ta yi shiru na ɗan ƙiftawa, daga nan sai ƙas-ƙas, sai tsalle. Babu wata fitila a gaban na'urar gida da take kamawa ta ce maka yanzu kintace nake yi. Wannan ya bambanta da faifan kwamfuta, wanda a kowane yanki mai bayit 2,352 yake ba da 2,048 kawai ga bayanai, ya kashe mafi yawan sauran a kan ƙarin kariya, kuma in ya kasa sai ya fito fili ya ce ya kasa.

Ga inda orijina yake da hujja ta gaske. Faifan masana'anta ramukansa na gaske ne, an danna su a jikin roba mai zafi da hatimin ƙarfe, aka shafa alminiyam a kai, yana mai da sama da kashi 70 cikin 100 na hasken. Faifan da ake ƙonawa a kwamfuta ba shi da rami ko ɗaya. Rini ne aka shimfiɗa, leza mai ƙarfi ta bi tana ƙona tabo a jikinsa, tabon ya yi aikin rami. Juya shi ka duba bayansa, za ka ga launin ya ja zuwa kore ko shuɗi ko ruwan zinare mai haske, gwargwadon irin rinin, kuma in ka karkata shi ga haske za ka ga iyakar inda rubutu ya tsaya. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan ne ya fito da irin wannan faifai a 1988. In rinin mai kyau ne, injin ƙonawa lafiyayye, sakamakon ba ya kasa na masana'anta, wani lokaci ma kurakuransa sun fi ƙaranci. Amma faifai mafi araha a kasuwa, da aka ƙona da gudu mafi girma a injin da ya yi dubbai tun safe, yakan fito da tabo marasa tsabtar baki. Sannan rini ba ya shiri da rana da zafi da danshi, Legas kuwa duka ukun a gida suke. Faifan da ya wuni a hannun mai talla cikin cunkoson Oshodi, ya koma kan dashbod ɗin danfo ya yi wata biyu, kurakuransa suna ta hawa a ɓoye, CIRC yana ta rufa masa asiri, har ranar da abin ya fi ƙarfinsa. Shi kuwa wanda ake gogewa a sake rubutawa, hasken da yake mayarwa bai wuce kashi 15 zuwa 25 ba, shi ya sa tsofaffin na'urori da dama ko kallonsa ba sa yi.

Na taɓa tsayawa a rumfar wani mai gyaran rediyo a Agege, wani dattijo ya kawo na'urarsa da faifan karatu guda biyu, yana ƙorafin cewa ɗaya yana yi lafiya, ɗayan kuwa da an kusa ƙarshe sai ya fara sarƙewa. Mai gyaran ya cire murfin, ya tura tiren, muna ganin ɗan idon da ke karanta faifai yana hawa da sauka yana neman saiti, da jan ɗigon haske a tsakiyarsa. Da ya sa faifan da ake zargi, sai ka ji wani ɗan tsit-tsit daga wajen idon, alamar yana ta faman bin layi. Ya tsoma auduga a sifirit ya shafi idon sau ɗaya a hankali, audugar ta fito da launin toka. Ya ce, “Baba, faifan nan mai rauni ne, amma idon ma ya gaji. Mai ƙarfin yana rufa masa asiri, wannan kuwa ba zai iya ba.” Dattijon ya ce, “To ɗana, wanne za a gyara?” Ya ce, “Idon, Baba. Faifan kuma a daina goge shi da zagaye.” Maganarsa ta ƙarshe tana da tushe. Ƙarzuwar da ta tashi daga tsakiya zuwa baki tsallaka layin take yi, ta ɗan taɓa kowane zagaye ta wuce, wadda ta bi zagaye kuwa tana kwanciya a kan layi guda ta cinye shi da tsawo. Kuma gefen da aka fi raina wa, na rubutu da hoto, shi ya fi haɗari, domin bayanan suna dab da shi, siririn shafe ne kawai ya raba su, alhali ta ɗaya gefen akwai roba mai kaurin milimita 1.2 da take kare su.

Akwai wani dalili guda da ba a cika ambata ba, wanda a cikinsa lambobin sautin ɗaya ne sak, na'ura ta karanta su daidai, amma bambancin kowa zai ji shi. Wasu fayafayen, musamman na farkon shekarun 1980, an ɗaga musu sautuka masu kaifi da gangan lokacin ɗauka, har kusan desibel 10 (ma'aunin ƙarar sauti) a can ƙololuwa, aka sa wata 'yar alama a gefen bayanan da take gaya wa na'ura ta sauke su lokacin saurare. Alamar ba a cikin lambobin waƙar take ba. In aka kwafe waƙar zuwa kwamfuta aka sake ƙonawa ba tare da an ɗauko alamar ba, kwafin zai fito da kaifi mai tsaga kunne, kuma duk gwajin da ka yi wa fayilolin zai ce maka daidai suke. Abin ba shi da yawa a fayafayen da ke yawo a kasuwanninmu, amma yana nuna cewa kalmar “iri ɗaya” tana buƙatar a tambayi mai faɗarta me da me ya gwada.

Saura hujjar da masu tsadar kaya suka fi riƙewa, wato rawar lokaci. Lamba daidai ba ta isa ba, sai an mai da ita sauti a daidai lokacinta, duk bayan kimanin maikurosakan 22.7 (maikurosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan). In agogon da ke ba da wannan umarni yana rawa, yana ɗan riga ko ɗan makara, igiyar sautin za ta karkace ko da lambobin ba su da aibi. Wannan gaskiya ne, ana auna shi. Kuma gaskiya ne cewa bakin ramukan wani faifai ya fi na wani gocewa. Sai aka haɗa biyun aka ce, ashe faifai mai gocaccen rami zai ba da sauti mai rawa. A nan ne lissafin ya kuskure, domin ba saurin fitowar bayanai daga faifai ne yake tafiyar da sautin ba. Duk mazaunin Legas ya san tankin da ke saman gida. Injin burtsatse yana tura ruwa yana tari, wuta ta yi ƙasa ya ja baya, ta dawo ya yunƙura, amma mai alwala a famfon ƙasa ruwa yake samu a natse, domin daga tanki yake sha ba daga bakin injin ba. A cikin kowace na'urar CD, har mafi araha, akwai irin wannan ma'ajiya. Bayanai suna shigowa da gargadarsu, a zuba su ciki, a warware warwatsawar da aka yi musu, a gyara kurakurai, sannan wani agogo na kiristal ya riƙa fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Motar da ke juya faifan ita ce take bin umarni, ta ƙara gudu ko ta rage don ma'ajiyar kada ta cika ko ta ƙafe, tun daga wajen zagaye 500 a minti a tsakiya har zuwa wajen 200 a baki. Rawar ramuka a bakin ma'ajiyar take tsayawa.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, akwai ƙofar baya. Faifan da ya ɗan lanƙwashe, ko ramin tsakiyarsa bai zauna daidai ba, ko haskensa ya yi rauni, yana sa masu saita ido da motar juyi su yi ta aiki, suna fizgar wuta a kai a kai. A na'urar da aka yi wa rowa, taransifoma ɗaya da layin wuta ɗaya ne suke ciyar da mota da agogo da IC ɗin da ke mai da lambobi sauti. Fizgar can tana iya bayyana nan. A 1996 Ian Dennis da Julian Dunn na kamfanin Prism Sound a Ingila, tare da Doug Carson, sun gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES bincike a kan wannan tambaya daidai. Sun yi amfani da fayafaye masu lambobi ɗaya da aka sarrafa ta hanyoyi daban-daban, suka auna abin da na'urori ke fitarwa, suka kuma sa mutane saurare ba tare da sanin wanne ne wanne ba. Sun ga alamar aikin mota da saitin ido tana kutsawa cikin sautin wasu na'urori, ƙasa-ƙasa ƙwarai, amma ba su sami rawar agogo da ta samo asali daga faifan ba, kuma masu sauraren ba su nuna za su iya bambance fayafayen a kai a kai ba. Ni a ganina abin da wannan ke nufi a fili yake: in faifai lafiyayye yana iya canza muryar na'urarka, na'urar ce take da ɓaraka.

Ko da rawar agogon ta samu, sai ta kai wani mizani kafin a ji ta. A takarda, in kana so kuskuren ya tsaya ƙasa da rabin mataki ɗaya cikin 65,536 a kan sauti mafi kaifi kuma mafi ƙarfi, sai rawar ta gaza kimanin fikosakan 120 (fikosakan kashi ɗaya ne cikin dubu na nanosakan), kuma wannan adadi ne masu talla suke tsorata mutane da shi. Kunne bai kai nan ba. Gwajin da Eric Benjamin da Benjamin Gannon na kamfanin Dolby suka gabatar a 1998 ya nuna cewa a kan kiɗa na gaske sai rawar ta kai gomman nanosakan kafin a fara jin ta, wani binciken kuma da Kaoru Ashihara da abokan aikinsa suka wallafa a Japan a 2005 ya sami ɗaruruwan nanosakan ga rawa marar tsari. Na'ura mai matsakaicin kyau tana can ƙasa da wannan nesa ba kusa ba. A ɗakin da janaretan maƙwabci yake ruri ta taga, fanka na kaɗawa, 'yan acaba suna hon, maganar fikosakan ta zama abin dariya.

Sai kunnen kansa, wanda ba mu son a taɓa. An ce gani ya kori ji, kuma a wannan fage korar ta gaske ce. Mutum ya biya kuɗi mai kauri, ya ga bango mai sheƙi, ya riƙe faifai mai nauyi, tun kafin tire ya rufe ya riga ya san abin da zai ji. Ba ƙarya yake yi ba, yana jin sa ɗin, domin ƙwaƙwalwa ce take kammala aikin da kunne ya fara. Ƙari a kan haka, riƙon da muke yi wa ƙananan siffofin sauti ba ya wuce 'yan sakanni, canza faifai kuwa yana cin fiye da haka: ka tashi, ka buɗe, ka cire, ka saka, ka koma ka zauna ba daidai inda kanka yake ɗazu ba. A saurare na biyu kuma mutum yakan kasa kunne ga abin da bai lura da shi ba a na farko, sai ya jingina sabon abin da ya ji ga sabon faifai. In kuwa a na'urori biyu ake gwajin, wadda ta ɗara da ko rabin desibel ita za a ce ta fi tsabta, ba za a ce ta fi ƙara ba.

Kasuwa ta san wannan tun tuni. Wajen 1990 an yi yayin wani koren alƙalami da ake shafa wa bakin faifai, wai yana shanye hasken da ya ɓace, mutane masu hankali suka saya suka yi ta yabo. A Japan kamfanonin JVC da Universal sun fito da SHM-CD a 2007, Sony ta biyo da Blu-spec CD a 2008, duka da hujjar roba mafi tsabta ko rami mafi kyawun yanka. Ba na musun cewa an fi kyautata ƙirarsu, kuma faifai mai sauƙin karantawa alheri ne ga tsohuwar na'ura. Amma tsarinsu na CD ne na yau da kullum, bit 16 da awo 44,100, kuma sau da yawa irin waɗannan fitowa suna zuwa da sabon gyaran sitidiyo, sai mai saye ya ji bambancin gyara ya ba roba lada.

Wanda yake so ya raba gardama a majalisarsu, hanyar ba ta da tsada. A sami na'ura ɗaya, kada a taɓa maɓallin ƙara, mutum ɗaya ya tsaya bayan labule yana jefa kwabo don zaɓen faifan da zai saka, yana rubutawa, kuma kada ya yi magana ko a ga fuskarsa. Mai saurare ya faɗi wanne ne, sau 10. Samun 6 ko 7 ba komai ba ne, mai kintace ma yana samu. Samun 9 ko 10 da sa'a kawai yana faruwa sau 11 ne cikin 1,024, don haka wanda ya kai nan akwai abin da yake ji, sai a koma a binciki ko lambobin ne suka bambanta ko na'urar ce take kintace.

Binciken lambobin kuwa aikin kwamfuta ne, kuma ita tana da abin da na'urar falo ba ta da shi, wato haƙuri. Manhaja irin Exact Audio Copy, wadda Andre Wiethoff ya fitar a 1998, tana iya komawa ta karanta wuri guda sau da yawa har ta gamsu, in ta kasa ta nuna maka daidai sakan ɗin da ta kasa. A kwafe faifan biyu, a gwada fayilolin. Abu ɗaya ne yake ruɗa masu gwajin farko: injinan karanta faifai ba su fara karatu daga wuri ɗaya, wani yana riga wani da 'yan awo, wani da ɗaruruwa, don haka kwafi biyu na waƙa ɗaya suna iya bayyana kamar sun saɓa daga farko har ƙarshe alhali gocewa ce kawai ta ƙasa da ƙiftawar ido. Sai an daidaita mafarinsu sannan a cire ɗaya daga ɗaya. In abin da ya rage sifili ne tun daga awon farko har na ƙarshe, to fayil ɗin da aka ciro daga faifan Alaba mai bango da wanda aka ciro daga na leda marar suna abu guda ne, kuma da zarar sun hau filashi ko waya babu wata hanya da ta rage da za a gane wanne ya fito daga ina.